Alƙibla a Kan Takarda

Ina cikin daidaita wa wani ango hula a kwamfuta, ranar kasuwar Tambuwal, sai wani ɗan kabu-kabu daga Kebbe ya leƙo shagonmu, ko babur ɗinsa bai kashe ba.

"Wane na Bube cikinku?"

Na ce ni ne.

"Malam Abdulƙadir na Fakku yac ce ka taho yau. Ko tuwo kaka ci ka aje."

"Lafiya dai?"

"Ni iyakar abin da anka ce in faɗi ke nan." Ya dube ni, ya dubi kwamfutar, ya taɓe baki. "Amma can garinku kowa zancenka shika yi."

Dikko, mai shagon, bai ɗago daga kan firinta ba. Cewa kawai ya yi in tafi, zai ƙarasa angon da kansa.

Malam Abdulƙadir ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, Baffa nake ce masa. Gidanmu gidan karatu ne, ni kaɗai na fita zakka. Na bar sakandare tun ina aji biyu, littattafan zaure ma ban zauna musu ba. Na sayar da fetur a kwalba a Kebbe, na yi faci a Dogon Daji, na bi wata mota na ɗan lokaci. Shagon Dikko ne wuri na farko da na wuce damina guda ban gudu ba. Katin biki muke yi, da kalanda, da sitika, da allunan shaguna. Ranar da Baffa ya yarda in zauna can, magana ɗaya ya yi mini:

"Zauna. Amma ran da nij ji abin kunya daga gare ka, gona tana nan. Tambuwal kuma sai dai in ka kai gero kasuwa."

Baffa ba ya maimaita magana, kuma ba ya mantawa da ita. Shi ya sa tun daga Tambuwal har Kebbe, daga Kebbe har Fakku, babur yana jefa ni sama yana cafewa, ni kuwa ina ta lalube cikin kaina. Abu ɗaya ne ya haɗa ni da gida a shekarar nan, zanen masallaci.

Baffa ya daɗe yana son gina ƙaramin masallaci na bulo a filin da ke gaban zaurensa. Wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a Sakkwato ya ce zai kawo siminti, amma sai ya ga zane tukuna. Baffa kuwa mutum ne mai tsantseni a kan alƙibla. Bai yarda a fuskanci gabas kawai a ɗora bulo ba, yakan ce tamu alƙiblar tana da 'yar karkata zuwa arewa. Akwai wata rana a ƙarshen bazara da rana take tsayawa daidai saman Ka'aba, a nan wurinmu da hantsi. Ranar ya sa na zo. Ya kafa sanda a filin, ya jira lokacin, sannan muka ja igiya bisa inuwar sandar. Igiyar ta nufi wata kuka da ke can bayan gari, sak. Muka ja wata igiyar bisa layin bangon zaure har ta gicciye ta farko. Ya tura allo ƙarƙashin mahaɗarsu, ya bi kowacce da alƙalami da tawada. Sannan muka buga turaku.

Kowa ya gani ranar, kusurwar masallacin ta hagu za ta ci rabin rumfar injin niƙan Ɗangiwa, maƙwabcinmu. Filin na Baffa ne, aron wurin aka ba shi. Ɗangiwa ya yi dariya ya ce ba komai, ai aikin Allah ne. Dariyar dai ta yaƙe ce.

Ni kuma na ɗora farar leda a kan allon, na kwafe layukan nan biyu da biro. A Tambuwal na manna ledar a fuskar kwamfuta, na yi ta juya masallacin da na zana har ya hau layin daram. Tsawo da faɗi na rubuta su da lamba. Karkatar ce kawai ba ta da lamba, sai dai a ɗauke ta daga zanen.

Damina ta zo, turaku suka ɓace. Wasu suka ce awaki ne, wasu suka ce an ga makamantansu a murhun gidan Ɗangiwa. Bayan kaka siminti ya iso, Baffa kuma ya tafi Dogon Daji jinyar tsohon malaminsa. Ya bar wa magini takardar zanena da aka buga a shagonmu, ya ce a bi ta.

Na isa Fakku bayan la'asar. Bango ya kai ƙirji, sabo fil, bulo a jere gwanin kyau. Dattawa suna zaune gindin darbejiya. Na yi sallama, amsar ta zo ƙasa-ƙasa. Baffa bai bari na gama gaisuwa ba.

"Taso."

Ya shigar da ni cikin ginin, ya tsayar da ni inda liman zai tsaya.

"Miƙe hannunka gaba. Mi kag gani?"

"Rumbun gidan su Atu."

"Ina kuka?"

Kuka tana can hagu, ta yi nesa da hannuna.

"Yanzu waiwaya ka dubi rumfar Ɗangiwa."

Rumfar tana nan cif. Bango ya bi ta gefenta, har ya bar hanyar da jaki zai wuce da kaya. Injin ma yana ta ƙararsa kamar ba abin da ya faru.

Ɗan'iya magini ya matso, tsoho ne gajere, duk hannunsa kanta. Tun kafin a tambaye shi ya ce, "Malam, ni ga shaidata."

Karan dawa ne guda biyu, an gicciya su, an ɗaure mahaɗar tam da zare. Haka yake ɗaukar karkata tun yana saurayi. Zai ɗora karan bisa layukan takarda, ya ɗaure, ya kai ƙasa, ya ja igiya bisa kowanne. Ya shimfiɗa takardata a ƙasa, ya danne gefenta da dutse, ya ɗora karansa. Suka hau layukana ba ragi ba ƙari.

"Abin da takarda tac ce shi niy yi. Ban yi boko ba, amma ban taɓa gina wa Allah ɗaki a karkace ba. A tambayi mai kwamfuta."

Baffa ya aika aka ɗauko allon. Ya karɓi karan ya ɗora a kai. Ɗaya ya hau layi, ɗayan ya kwanta ƙasa da nasa layin, yatsa biyu za su shiga tsakani. Buɗewar allo ta fi ta takarda, ko makaho ya shafa zai ji.

"Wa yak kawo takardag ga daga Tambuwal?"

Ya san amsar, so yake a ji daga bakina. Na ce Ɗangiwa ne. Ranar da aka buga ta ya zo kasuwa sayen bel na inji, ya biyo ta shago, na naɗe ta na ba shi ya taho da ita.

"An ce har tsire yas saya maka."

Wani daga gindin darbejiya ya yi tarin da ba na mura ba. Maganar tsiren gaskiya ce. Na ɗaga yatsa zan rantse, Baffa ya ɗaga hannu.

"Ban ce ka rantse ba. Ranar Juma'a nika magana gaban jama'a. In kana da abin faɗi, kawo shi kafin nan. In babu, ka je ka kwaso tabarmarka daga Tambuwal."

Washegari da safe, kafin in nemi babur, na biya rumfar Ɗangiwa. Ƙato ne, kullum fari fat da gari har gashin ido. Yana zaune bisa buhu, injin a kashe.

"A'a, injiniya! Mi za a niƙa maka?"

"Takardar da nib ba ka, ita kak kawo?"

"A'a. Tsayawa niy yi Kebbe niz zana wata da yatsan ƙafa."

"Ba wasa nika yi ba."

"To ni wasa nika yi? Dubi nan." Ya nuna mini ƙasa, inda aka saba jera kwanonin niƙa. Guda biyu ne kacal. "Mata sun fara janye niƙansu. Wai garin wanda yas sayi alƙibla ba shi da albarka. Kai dai faɗa man gaskiya, ƙanena, wa yas sa ka? Ni na san ban ba ka komai ba sai tsire, shi ma ni nic ci rabi. Ko wani na yat tura ka don a kore ni daga filin ga gaba ɗaya?"

Na tsaya ina kallonsa. In ƙarya yake yi, to ya iya. Sai idona ya kai kan rufin rumfar. Sabon kwano ne, har yana ɗaukar ido. Mutumin da ya san za a rushe rabin rumfarsa, me zai sa ya yi mata sabon rufi?

"Wanga kwano fa?"

"Iska tay yaye tsohon. In zauna ruwa shi shiga inji don in faranta maka?"

Na bar shi nan. Na karɓi takardar wurin Ɗan'iya, shi ma sai da ya sa aka kira shaida kafin ya sake ta, wai kada in je in canza ta in dawo in ce shi ne.

A Tambuwal na tarar da ledata cikin aljihun tebur, inda na bar ta tun bazara. Na buɗe zanen na manna ta a fuskar kwamfuta. Layukan suka hau daram. Na cire ta na ɗora a kan takardar. Suka ƙi hawa.

Na bi takardar kusurwa-kusurwa ko zan kama inda aka musanya ta. Tawa ce. Rubutuna ne, lambobina ne, har wani ɗan guntun layi da na manta ban goge ba a bayan ƙofa yana nan. Ashe ba a hanya aka canza ta ba. Abin da ya faru ya faru ne cikin shagon nan, tsakanin kwamfuta da firinta, kuma a tsakanin nan hannun mutum ɗaya ne.

Babbar firintarmu tana jone ne da tsohuwar kwamfutar Dikko, wadda ba ta da manhajar zane. Duk abin da na zana sai an fitar da shi ya koma hoto, a sa a filashi, a kai can a buga. Wannan aikin Dikko ba ya bar wa kowa, wai muna ɓata masa takarda. Ranar kuwa, lokacin da yake yinsa, ina bakin kasuwa ina cin tsire. Wa ya ja ni can? Ɗangiwa. Wa ya fara shiga shagon ya gaisa da Dikko kafin in dawo daga wurin mai ruwa? Ɗangiwa. Sai na ga abin yana haɗuwa da kansa.

Ban ce wa Dikko uffan ba. Na zauna kan kujerata ina aiki, ina satar kallonsa. Komai ya yi sai in ga alama. Ya tambaye ni yadda na baro gida, bai dube ni ba. Ya amsa waya ya fita waje. Na tuna dangin uwarsa mutanen Kebbe ne, wa ya san abin da ya haɗa su da su Ɗangiwa? Har lemon da ya sayo mini da rana sai da na juya kwalbar a hannu na daɗe kafin in sha. Mutumin da bai taɓa saya mini ko ƙuli-ƙuli ba.

Bayan azahar angon nan ya zo karɓar kalandarsa. Malami sunansa, direban wata mota, siriri ne kamar sillen kara. Dikko ya warware masa ita a kan tebur. Malami ya yi tsalle.

"Kai, Dikko, Allah shi yi ma albarka! Dubi kumatu! Surukaina za su ce daɗi nika ci."

"Ai aikinmu ke nan," in ji Dikko. "Ka zo da yunwa ka koma da ƙoshi."

Na leƙa. Ni na yi aikin hoton nan, na san wuyan Malami, na san yadda hularsa take masa yawa. Wannan na takarda wani cikakken mutum ne mai faɗin kafaɗa. A bayansa cikin hoton akwai agogon bango na mai ɗaukar hoto. A kwamfutata zagayayye ne. A takarda ya koma kamar ƙwai a kwance.

Na ɗaga kai na dubi kalandun da muka liƙa a bango don talla. Amare, angwaye, shugaban 'yan tireda, wata hajiya da ta dawo daga Makka. Duk masu ƙiba ne. Kullum ina zaune ƙarƙashinsu, ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi duk wanda ya shigo shagonmu yake da kumatu ba.

Da Dikko ya zauna zai fitar da aiki na gaba, na tashi na tsaya bayansa.

"Mi kaka nema bisa kaina?"

"Kallo nika yi."

Ɗan akwati ya buɗe a fuskar kwamfutar. Gurbin faɗi, gurbin tsawo, a tsakaninsu hoton wani ɗan kwaɗo irin na kulle ƙofa. A buɗe yake. Dikko ya goge lambobin da ya tarar, ya rubuta girman takarda, ya danna.

"Mi yas sa kwaɗon ga shike buɗe?"

"Ni nib buɗe shi, tun ran da nis sayi firintag ga."

"Don mi?"

Ya juyo da kujera ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garin da muke.

"In ka kulle shi, faɗi da tsawo tare suka tafiya, hoto ba ya cika takarda. Sai ya bar fari gefe da gefe. Mutanenmu kuwa in sun ga fari, sai su ce ka cuce su, takarda guda sunka saya ka ba su rabi. Akwai wanda yat tara man jama'a ƙofar shagon ga kan haka. Tun ran nan ja nika yi ta cika. Ka taɓa ganin wanda yad dawo da kalanda don ya yi ƙiba?"

"Zanen masallaci fa?"

"Shi ma. Naka ya zo a dunƙule, takarda kuwa doguwa ta. Na ja shi sosai ma. Ai ya yi kyau, ko?"

Na faɗa masa abin da ke tsaye a Fakku, bango har ƙirji, yana kallon rumbu. Ya yi salati, ya cire hula ya mayar. Da ya buɗe baki kuwa, cewa ya yi:

"Amma kai ma ka gan ta ka naɗe. Kada ka kai sunana Fakku, ka ji ko? Ina da dangi can wajen."

"Ɗangiwa fa? Mi yac ce maka ranar?"

"Wane? Ƙaton nan mai gari a gashin ido? Tambayata yay yi ko kwamfuta tana kama Kaduna."

Ban ƙara masa tambaya ba. Na ce ya matsa, karo na farko ya matsa mini. Na kulle kwaɗon, na fitar da zanen, muka buga. Ya fito a tsakiyar takarda, fari hagu, fari dama. Na ɗora leda, ta hau.

Sai dai na san Baffa. In na kai masa takarda biyu daga hannu ɗaya, cewa zai yi wanda ya iya karkatarwa ai ya iya miƙewa. Kwamfuta kuma ba ta zuwa Fakku, Baffa ba ya zuwa shago. Ina wannan tunanin har Kebbe. A tasha na tsaya ina kallon ɗan kabu-kabun da zai kai ni yana ɗaure buhu da roba. Akwai wani tsohon rubutu a jikin robar, yana ja rubutun yana miƙewa yana kwantawa. Na ce ya jira ni. Na je wurin mai faci na roƙi faffaɗan yankin roba, na sayi alli a tireda.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga zauren Baffa. Yana kan buzunsa, ɗalibai sun tashi. Na roƙi a kira Ɗan'iya da Ɗangiwa. Suka zo, kowa ya zauna nesa da ɗan'uwansa. Ɗan'iya da karansa a hannu, tun ranar bai yarda ya ajiye su ba.

Na shimfiɗa robar, na kwafe layukan allon Baffa a kanta da alli. Na ce kowa ya duba ko sun yi daidai da allo. Suka duba. Sannan na kama gefe da gefe na ja. Layin alƙibla ya kwanta, buɗewar ta tsuke. Na saki, ta koma.

"Haka anka yi wa zanen," na ce. "Ba wanda yat taɓa layin. Ja anka yi don ya cika takarda, kamar yadda aka yi wa kowace kalanda a shagonmu. Lambobi ba su jin ja, shi yas sa tsawo da faɗin gini sunka fito daidai."

Baffa ya miƙo hannu. Na ba shi robar. Ya ja, ya saki. Ya kai ta kusa da idonsa, ya sake ja.

"Ɗan'iya, ɗora karanka."

Baffa ya yi ta ja a hankali, Ɗan'iya yana riƙe da kara a sama, har layukan alli suka shige ƙarƙashinsu cif.

"Alhamdu lillahi!" in ji Ɗangiwa. "Malam, don Allah a fara faɗa wa mata."

"Ni kuma bangona fa?" in ji Ɗan'iya. "Bulo guda ban ɗora ba sai da bisimilla."

Baffa bai kula su ba. Ni yake kallo.

"Wa yaj ja?"

"Mai shago. Haka shika yi wa kowa, bai san abin da zai haifar ba."

"Ledar da kak kwafi allona da ita, tana ina ran da takarda taf fito?"

"Cikin aljihun tebur."

"Teburin yana wani gari?"

"A'a, Baffa."

"Ka ɗora ta?"

"A'a."

"Don mi?"

Na sunkuyar da kai. Ɗangiwa ya gyara zama, wai zai taimake ni.

"Malam, kada a ga laifinsa. Ni nika gaggauta shi ranar, motarmu za ta tashi."

Baffa ya juya ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa, har Ɗangiwa ya fara kakkaɓe garin da ke gwiwarsa. Ni ma sai na sami kaina ina dubansa. Na manta da gaggawar nan, sai yanzu ta dawo mini. Motar kuwa na san ba ta tashi ba sai bayan la'asar.

"Ku tafi," in ji Baffa. "Gobe in an sauko Juma'a za ku ji abin da zan faɗi. Ɗan'iya, ba ka da laifi. Ɗangiwa, ka fara neman inda za ka matsar da injinka."

Suka fita. Na ji su a waje, kowa ya kama hanyarsa ba sallama.

Na zaro sabuwar takardar, na warware ta gabansa.

"Baffa, ga wadda nig gyara. Na ɗora leda, na gwada sau da yawa."

Bai taɓa ta ba. Ko sunkuyawa bai yi ba.

"Gobe zan faɗa wa mutane ba ka sayar da alƙibla ba. Wannan na gamsu."

"Na gode, Baffa."

"Naɗe takardarka. Za a rushe bango. Mu jira bazara, rana ta dawo bisa Ka'aba, in ja igiyata, Ɗan'iya shi haƙa harsashi ranar ina tsaye."

"Amma wagga daidai take."

"Waccan ma haka kac ce."

Ban taɓa cewa haka ba, don ba wanda ya tambaye ni. Shi ma ya riƙe waccan takardar a hannunsa, allon yana jingine a bayansa. Wannan maganar ta zo mini har baki, na haɗiye ta.

"To in zauna in taya su rushewa?"

"A'a. Akwai masu hannu. Koma Tambuwal. Can aikinku ya fi karɓuwa, inda in an ja mutum sai shi yi godiya."

Abin da na zo nema ke nan. Tun daga Tambuwal shi nake roƙo a raina, kada a ce in kwaso tabarma. Ga shi an ba ni, amma na kasa tashi. Na yi ta kallon fuskarsa ko zan gane yafewa ce ko sallama. Ya riga ya jawo littafinsa, ya buɗe inda ya sa tsinke, leɓensa ya fara motsi.

Na naɗe takardar, na ɗauki allina da robata, na miƙe. Na kai bakin ƙofa ina neman takalmi sai na ji muryarsa, bai ɗago ba.

"Bar man robar."

Na koma na ajiye ta gefen buzu, na fita neman babur.